Cibiyar wasanni ta gari bayan kullen korona: wurin ninkaya ya gamsar, ɗakin motsa jiki da sauran gyara

Wuraren wasanni da nishaɗi suna cikin waɗanda aka fara rufewa bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris, 2020, kuma suna cikin na ƙarshe da aka sake buɗewa. Cibiyar da wannan bita ta shafa hukumar gari ce ke gudanar da ita, kuma ta ƙunshi filin ƙwallo, da wurin wasan yara, da wurin ninkaya, da ɗakin motsa jiki, da shirye-shiryen yara na lokacin hutu. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na iske ta a lokacin da aka sake buɗe ta bayan kullen korona. An buɗe ta daki-daki, aka fara da filayen da ke sarari, sannan aka bi da sassan da ke cikin gini. Wannan tsari ya dace, domin ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri mai cunkoso. Matsalar ita ce, da aka zo kan sassan cikin gini, sai hukumar ta zuba ƙarfinta a kan goge-goge, ta bar batun iskar da mutane ke shaƙa.

Babu mai shiga sai wanda ya yi rajista ta intanet ya kama gurbi na awa guda. Tsarin ya kawar da dogon layi a bakin ƙofa, kuma ya ba ma'aikata sunayen duk waɗanda suka zo a kowane lokaci, abin da ke da amfani idan aka samu mai ɗauke da cutar aka shiga neman waɗanda suka yi cuɗanya da shi. Sai dai guraben sassafe da na yamma kan ƙare cikin ɗan lokaci, kuma wasu kan kama gurbi su ƙi zuwa ba tare da sun soke ba, har a iske wuri rabinsa babu kowa alhali shafin yana nuna ya cika. Na ga dattawa sun zo an mayar da su saboda ba su iya amfani da shafin ba. Layin waya guda, ko 'yan guraben da za a ware wa masu zuwa da ƙafarsu, da sun magance wannan.

A ƙofa akwai ma'aikaci riƙe da na'urar auna zafin jiki. Ba ta cutar da kowa, amma amfaninta kaɗan ne, tun da mutum kan iya yaɗa cutar kafin zazzaɓi ya bayyana, wasu ma ba sa yin zazzaɓin ko kaɗan. Man tsaftace hannu kuwa yana ko'ina, kuma na duba kwalbar na ga ya cika ƙa'idar kashi 60 cikin ɗari na sinadarin alkohol.

Wurin ninkaya ne ya fi burge ni. Babu wata shaida da ke nuna korona tana yaɗuwa ta ruwan da aka sa wa sinadarin kulorin yadda ya kamata, kuma ma'aikata suna rubuta sakamakon gwajin ruwan a allo inda kowa zai gani, da lokacin da aka yi gwajin. Sun fahimci cewa haɗarin yana bakin ruwa da ɗakin sauya kaya, inda mutane ke tsayawa kusa da juna suna haki suna hira, don haka aka buƙaci kowa ya zo da kayan ninkayarsa a jikinsa, aka raba ruwan layi-layi, aka ware ƙofar shiga da ta fita. Wani abin da ba kowa zai lura da shi ba shi ne sanarwar da aka manna cewa an wanke bututun ruwa kafin buɗewa. Ruwan da ya kwana watanni a cikin bututu yana iya haifar da ƙwayar Legionella, mai jawo ciwon huhu mai tsanani, kuma tana shiga jiki ta feshin ruwan wanka. Wanda ya tuna da wannan ya san aikinsa. Haka kuma an bar masu ceto a kan aikinsu na sa ido a ruwa, aka ɗora wa wani ma'aikaci daban kula da tazara.

Ɗakin motsa jiki kuwa labarinsa daban ne. An nisanta injuna da juna, ana fesa musu magani ana gogewa bayan kowane rukuni, har warin maganin kan tare maƙogwaro, amma tagogi a rufe suke, na'urar sanyaya ɗaki tana juya iska ɗaya a tsakanin mutanen da ke numfashi da ƙarfi. A watan Afrilun 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa haɗarin kamuwa ta hanyar taɓa wani abu mai ɗauke da ƙwayar cutar bai kai ɗaya cikin 10,000 ba, alhali tun farkon annobar aka ga abin da rufaffen ɗakin motsa jiki kan jawo. A birnin Cheonan na Koriya ta Kudu, a farkon 2020, mutum 112 suka kamu ta dalilin azuzuwan rawar motsa jiki a cibiyoyi 12, yayin da ƙananan azuzuwan yoga, inda ba a haki, ba a samu yaɗuwar cutar a cikinsu ba. Takunkumin fuska ma ba ya warware matsalar a nan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar sanya shi a lokacin motsa jiki mai tsanani ba, kuma da zarar gumi ya jiƙa shi numfashi kan yi wuya. Abin da ya rage shi ne buɗe tagogi, da rage yawan mutane, da fitar da azuzuwa masu wahala zuwa filin da ke sarari, wanda yawancin safiya yake zaune babu kowa. Da na tambayi wani ma'aikaci, cikin ladabi ya ce umarnin da aka ba su na gogewa ne, ba a ce musu komai a kan tagogi ba.

Shirin yara na hutu ya yi kyau ƙwarai. An raba su ƙananan rukunoni, kowane rukuni da mai kula da shi da kayan wasansa, ba a cakuɗa su, yadda idan yaro guda ya kamu rukuninsa kaɗai za a tura gida. Yawancin wasannin a sarari ake yi, kuma yaran da suka shafe watanni a ɗaki suna samun awa guda ta motsa jiki da ake so kowane yaro ya samu a kullum. An kuma yi adalci wajen kuɗin rajistar da aka biya kafin kulle, domin an ba mutane zaɓi ko a mayar musu ko a ƙara musu wa'adi.

A yadda na iske wurin a wancan lokacin, mai son ninkaya da mai neman inda zai kai 'ya'yansa suna iya zuwa hankali kwance. Mai ciwon suga ko hawan jini, ko wanda shekarunsa suka ja, gara ya tsaya a filin waje har a gyara iskar ɗakin motsa jiki. A lokacin ziyarata ajin motsa jiki na tsofaffi a rufe yake, kuma hukumar ba ta sanar da ranar dawo da shi ba.