Na gwada FamilySearch: daga Agege muka bi sawun ayarin amalanke

Ƙanena ya fi shekara ashirin a Amurka, can ya auri Baturiya 'yar jihar Oregon. A hutun da ya wuce ya turo babbar 'yarsu ta yi wata guda a wurina a Agege, don ta ji Hausa a bakin dangi. Kwana uku da zuwanta ta ce, "Gwaggo, an ba mu aiki a makaranta mu kawo salsalar gidanmu, ta uwa da ta uba." Na ce ta uba kam tana kaina. Ta uwa kuwa, abin da ta riƙe kawai maganar kakarta ce, wai mutanensu a amalanken shanu suka ƙetare ƙasar.

Ta dalilin haka na san FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi a tsofaffin takardu. Kyauta ne, ba a nemi ko sisi ba, ba a kuma ce mu sa lambar katin banki ba. Imel kawai muka bayar muka buɗe asusu. Kashe kuɗin yana wurin data, domin hotunan tsofaffin takardu suna da nauyi. Idan za ku yi, ku samu kwamfuta. A waya rubutun hannun mutanen da ba ya karantuwa sai an yi ta ja ana faɗaɗawa.

Kafin mu fara, yarinyar ta ba ni labarin tafiyar, ni kuwa na ji kamar ana ba ni labarin fatake. Ayari ne sosai, da madugunsa, da zango-zango. Ana tashi daga garin Independence a Misuri idan ciyawa ta tsiro, don shanu su samu abin ci a hanya, a yi kusan kilomita 3,500, wata huɗu zuwa shida, kafin a sauka kwarin Willamette a Oregon. Babban ayari na farko ya tashi a 1843 da mutum wajen dubu. Amalanken ma kaya ne a ciki, yawancin mutanen a ƙasa suke takawa. Bayan an haɗa layin dogo daga gabas zuwa yamma a 1869 sai hanyar ta fara mutuwa.

Inda shafin ya burge ni shi ne takardun ƙidaya. Amurka tana ƙirga mutanenta duk shekara goma tun 1790, kuma daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida in ba bawa ba ne, da shekarunsa, da jihar da aka haife shi. Mun bi sunaye baya-baya har muka tsaya a kan wani gida a ƙidayar 1860. Maigidan manomi, haifaffen Kentaki. Yara uku na farko Misuri. Sai ga ɗan shekara tara Misuri, mai bi masa ɗan shekara shida Oregon. Na ɗora yatsa a kan gilashin na ce, "Ke, ga tafiyar nan a tsakanin waɗannan biyun." Ba wanda ya rubuta mana ranar da suka tashi, wurin haihuwar yaran ne ya faɗa.

Da muka koma ƙidayar 1850 a Misuri muka ga gidan, da wata yarinya 'yar shekara biyu. A ta 1860 babu ita. Kwalara ce ta fi kashe mutane a wannan hanya, musamman a 1852, kuma a gefen hanya ake binne su a wuce. Takarda ba ta ce can ta rasu ba, mu ma ba mu rubuta haka ba. Amma ɗiyata ta yi shiru, ni ma na kasa ci gaba da aikin a daren. Na taɓa binne ɗa.

Abu biyu nake so mai karatu ya sani kafin ya shiga. Bishiyar dangin da ke shafin guda ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai asusu yana iya gyara bayanin mamaci. Don haka kada ku ɗauki suna sai kun buɗe hoton takardar kun gani da idonku. Na biyu, masu shafin coci ne, wanda aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a Salt Lake City. Su kansu kakanninsu ayari ne, shugabansu Brigham Young ya kai su can a 1847, wasu ma daga baya da hannu suka ja amalanken. Suna tara sunayen ne saboda aƙidarsu ta yi wa kakanninsu da suka mutu baftisma. Ba su ɓoye ba, kuma ba wanda ya yi mana wa'azi. Ni dai na yi amfani da shi wajen bincike, sunayen iyayena kuwa ban saka ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wata dokar Amurka ta 1850 ta ba ma'aurata da suka riga zuwa Oregon eka 640 kyauta, ƙasar kuwa da masu ita, 'yan asalin wurin da aka kora. Baƙar fata ba ya cikin waɗanda ake ba. Bayi ma a ƙidayar 1850 ba a rubuta sunansu, sai shekaru da jinsi a ƙarƙashin sunan ubangida. Na ce wa ɗiyata ta sa wannan a aikinta, tunda jinin ɓangare biyu ne a jikinta.

Wanda yake da dangi ta Amurka ko Ingila, ina ba shi shawara ya gwada, zai samu fiye da zatonsa. Salsalar uba kuwa, ranar Juma'a bayan la'asar na kai ta Zango wurin Baffa, ƙanen mahaifinmu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "Zauna, takwarar uwata." Ya jero mata kakanni biyar, har wanda ya fara sauko da shanu Ikko ya koma da goro. Tana rubutawa a littafin makaranta, shi kuma yana sa ta maimaita kowane suna sai ta faɗe shi daidai.