Canon R6 Mark II a wasan ƙwallon kwando: ta iya bin ɗan wasa, amma sai ka ja mata linzami

Masu ɗaukar hoton biki a Kaduna da yawa suna tambaya ko kyamarar R6 Mark II, wadda Canon ta fitar a 2022, za ta iya aiki a zauren wasanni irin na filin wasa na Ahmadu Bello. Za ta iya. Sai dai in ka bar ta yadda ta fito daga kwali, za ka sha samun fuskar ɗan kallo ta fito tas, mai riƙe da ƙwallon kuma dishi-dishi.

Matsalar ba rashin sauri ba ce, zaɓi ne ya yi mata yawa. Mutum 10 a fili, ga alƙalan wasa, ga jama'a a baya, kowa da fuska. In ka sa Whole area AF, wato ta nemi fokas da kanta a ko'ina cikin hoton, ita za ta zaɓar maka wanda ta ga dama. Don haka ka sa Servo AF, wato fokas mai ci gaba da bin abu mai motsi, abin da za ta gane ka bar shi a People, sannan ka rage wurin fokas zuwa Expand AF area, wato ƙaramin akwati da kai ke ɗora shi inda kake so. Ɗora akwatin a ƙirjin ɗan wasan, inda lamba da rubutun riga suke, domin a hasken zaure can ta fi samun abin kamawa. Ka cire fokas daga maɓallin ɗauka ka mayar da shi maɓallin AF-ON na bayan kyamara: babban yatsa na bi, manuniya na ɗauka.

Inda ta fi burgewa shi ne Case 2, ɗaya daga cikin tsare-tsaren bin motsi na Servo AF, wanda ke hana ta sakin mutum don wani ya gifta. A ƙarƙashin kwando hannaye ne ko'ina. Kai Tracking sensitivity, wato saurin da take sakin mutum ta koma kan wani, zuwa -1, ko -2 in alƙalin wasa na yawan ratsa gabanka. Amma a -2, in ta kama wanda ba shi kake so ba, nan ma za ta liƙe masa. Sai ka ɗaga yatsa ka sake dannawa. Ga mai gudu ya ci birki ya yi tsalle, Case 4 ya fi dacewa. Gane ido kuwa, yana da kyau wajen jifan fanareti da hoton koci a benci, ba a cikin cunkoso ba.

Saurin shota kada ya gaza 1/800 na daƙiƙa, gara 1/1000, a f/2.8, wato lens a buɗe sosai don haske ya shiga. ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zai kai 6400, wani lokaci ya wuce, kuma hoton yana jurewa. Wanda ba shi da kuɗin lens 70-200mm f/2.8 ya nemi EF 85mm f/1.8 na hannu ya haɗa da adafta, daga bayan layin kwando ya wadatar. Lens ɗin da iyakar buɗewarsa f/6.3 ko f/7.1 ce bar shi a gida.

Hoto 40 a daƙiƙa da ake tallata ta da shi, da shotar lantarki ne, kuma nan ne rauninta. Ƙwallo mai gudu kan fito a karkace kamar ƙwai, wasu fitilun kuma su zana layi-layi a hoton. Wutarmu 50Hz ce, fitilu da yawa na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, in an koma janareta ma lissafin na iya sauyawa. Koma shotar inji mai 12 a daƙiƙa, ka kunna Anti-flicker, mai daidaita ɗauka da ƙyaftawar fitilu. Zai ɗan rage sauri, amma haske da launi za su daidaita daga hoto zuwa hoto.

Batirin LP-E6NH ba ya daɗewa kamar a tsofaffin kyamarori na DSLR, ka tafi da biyu. Ka sa katin ajiya mai sauri irin UHS-II, in ba haka ba za ta tsaya tana juye hotuna ana tsaka da kai hari. Da hunturu kuma, kada ka sauya lens a bakin fili.