Garin "sabunta jiki" da ake tallatawa a Yamai bai cancanci kuɗinsa ba

A wasu shagunan Yamai da kuma ta WhatsApp ana sayar da wani gari cikin ƙananan ledoji masu sheƙi, wanda ake zubawa a ƙarƙashin harshe kafin karin kumallo. Kwalin yana da tsabta, garin yana da zaƙi da ɗan tsami, kuma yana narkewa nan take. Ta wannan fuska ba ni da suka. Damuwata ita ce alkawarin da wani mai shago ya yi mini, cewa garin yana ɗauke da ƙwayoyin halitta na tushe, wato waɗanda jiki yake samar da sababbin ƙwayoyi daga gare su, kuma yana hana ƙwayoyin jikin mutum mutuwa.

Jikin da ƙwayoyinsa suka ƙi mutuwa yana cikin haɗari, domin wannan ƙin yana daga cikin halayen ciwon daji. Tun a shekarar 1972 masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana yadda ƙwayar halitta take kashe kanta bisa tsari idan ta lalace ko aikinta ya ƙare. Idan wuƙa ta yanki mutum, fararen ƙwayoyin jini ne suke fara isa wurin su yaƙi ƙwayoyin cuta, sannan su mutu, wasu manyan ƙwayoyi su haɗiye gawarwakinsu. Wannan haɗiyewar tana cikin abin da ke kwantar da kumburi, har ƙwayoyin tushe da ke ƙasan fata da gindin gashi su samu damar hayayyafa su rufe bakin raunin. Shimfiɗar cikin hanji ma ba ta cika mako guda ba tare da ta zube wata ta maye gurbinta ba, kamar yadda sai an share karan bara kafin a yi sabuwar shuka.

Abin da aka rubuta a bayan kwalin kuwa sinadarin tuffa ne da na inabi. Ƙwayar tsiro da aka busar aka niƙa ba ta da rai, ko tana da shi ma ba za ta rikiɗe ta zama fata ko jinin ɗan Adam ba. Babban maganin gaskiya da ake yi da ƙwayoyin tushe shi ne dashen ɓargo, wanda ya sa likitan Amurka Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel a 1990, kuma yana iya warkar da amosanin jini. Amma sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, sai kuma an kashe ɓargon majinyacin da magunguna masu ƙarfi tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ina tsaye mai shagon yake ce wa wata dattijuwa mai ciwon suga, wadda ta naɗe gyambon ƙafarta da ƙyalle: "Hajiya, kwali biyu sun ishe ki." Irin wannan gyambo yana buƙatar ma'aikacin lafiya ya wanke shi, ya cire mataccen naman, a kuma daidaita sugan jininta, kuma kuɗin kwali biyun nan da can ya kamata su tafi.