Yaya ga rigar silikin nan tafe, amma ki karanta wannan kafin ki taɓa ta da ruwa

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ina fatan kowa lafiya. Doguwar rigar da kika daɗe kina min maganarta na samo, mai zanen furanni ja da ruwan hoda a kan baƙi, tana cikin saƙon da zai iso miki. Nasan halinki da son wanki shiyasa na zauna rubuta miki wannan.

Kinsan a gida duk yadin da yake sheƙi yana santsi siliki muke ce masa, sai da nazo Italiya na gane yawanci poliyesta ne muke sawa. Anan doka ce ta Tarayyar Turai, dole a rubuta abinda aka saƙa tufa da shi a 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, idan kika ga 100% seta to silikin gaske ne, seta shine sunansa da Italiyanci. Wannan abu ya burge ni wlh, ba sai kin tsaya kina murza yadi kina kallon idon mai shago ba. Kuma idan ta intanet kika saya kina da kwana 14 ki mayar in bai miki ba. Taki a Como na saya, wani gari ne a bakin tafki arewa da Milan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa, garin da aka sani da saƙa da buga zane a kan siliki. Abin mamaki shi zaren yawanci daga Chana suke shigo da shi, nasu aikin shine saƙa da rini da buga furannin, amma fa sun iya, ki juya cikin rigar ki ga yadda kalar ta ratsa.

To wanki. Siliki daga tsutsa yake fitowa, jinsinsa ɗaya da gashin kanki, ba kamar auduga ba. Shiyasa omon da aka ce yana cinye maiƙo da jini shi ma silikin cinye shi yake a hankali, bilic kuwa kashe shi yake nan take. Ni ta farko da na saya haka na yi asararta, na jefa a injin wanki da sauran kaya, ta fito jan ya zuba cikin ruwan hodar, sheƙin ya mutu, har yau ina jin zafin abin. Da na kai wa masu wankin dirai kilin na unguwarmu matar ta duba takardar ciki ta nuna min alamomin ɗaya bayan ɗaya: da'ira mai harafin P na nufin nasu wankin da ba ruwa, hannu a cikin baho na nufin wankin hannu, dutsen guga mai ɗigo ɗaya kuma wuta mafi ƙanƙanta. Anan kafin su karɓi kaya sai sun duba tabo tare da ke, su tambaye ki na menene, su baki rasit. Gaskiya ta wannan wajen sun fi mu nesa ba kusa ba.

Idan za ki wanke da kanki, fara jiƙa farin ƙyalle ki dangwala a cikin kalmasa ki gani ko tana zuba. In bata zuba ba, ruwan sanyi, ɗan shamfu mara ƙarfi kaɗan, minti 3 zuwa 5 ya isa, kar ki jiƙa ta ki tafi wani aiki, kar ki cuɗa, kar ki matse irin murɗawar nan. Ki shimfiɗa ta a tawul ki naɗe ya shanye ruwan sannan ki shanya a inuwa. Rana ce babbar abokiyar gabarta, tana koɗar da furannin kuma zaren ya yi rauni. Guga ta ciki, tana da ɗan danshi, ki ɗora farin ƙyalle a kai, kuma kar ki yayyafa ruwa don yana barin shata. Turare ki fesa a jikinki ya bushe tukunna ki saka rigar, zufa ma kar ki bari ta kwana a hammata. Wajen ajiya hanga mai laushi, a rufe da tsohon zanin gado na auduga, banda leda, kuma a wanke take za ki ajiye saboda asu.

Inda gida ya fi nan kuwa tela ne. Na so a rage miki tsawo, sai da aka bani rana, na koma aka ce wani satin, ga su ƙalilan ne masu gyaran. Na tuna yadda namu zai kalle ki sau ɗaya ya san awonki. Shiyasa na barta yadda take, ki kai a rage can, amma ki ce masa siririyar allura sabuwa, kuma ya rataye ta kwana ɗaya kafin ya yanka saboda yankan karkace aka yi mata, tana saki ta ƙara tsawo.

Kwalliya kuma Yaya dan Allah ki bar furannin su yi magana su kaɗai. Mayafi mara zane, ki ɗauki kala ɗaya daga cikin furen, ni ruwan hodar zan zaɓa miki, takalmi da jaka baƙi. Ki sa sarƙa siririya, amma awarwaro mai kaifi ko jaka mai duwatsu su suke jan zare, in ya ja kuwa shikenan. Ki sa shimi mai santsi a ciki don bata da shafi.

In ta iso ki gwada ki turo min hoto, inaso inga yadda kafaɗar ta zauna miki. A gaida Mama da yara.