Wata shida ina lissafin shinkafa da Elm

Kawuna yana da injin gyaran shinkafa a Kura, kuma littafin bashinsa ya fi ƙarfin biro. Shi ya sa da damina na zauna na haɗa masa 'yar manhaja da Elm, yaren shirya manhaja da Evan Czaplicki ya fitar a 2012. Abin da ka rubuta ana juya shi zuwa JavaScript, yaren da shafukan intanet ke aiki da shi, ya buɗe a waya.

Kirarin masu tallata shi ne ya jawo ni: wai in aikinka ya wuce tantancewa, ba kuskure sam. Da gaskiya a ciki, amma an sa gishiri.

Elm yana duba nau'in kowane bayani tun kafin manhaja ta fara aiki, kuma ko ba ka rubuta nau'in ba, shi da kansa yake ganowa. Ba ya yarda ka tara Int, wato cikakkiyar lamba, da Float mai ɗigo, sai ka juya ɗaya. Babu null a cikinsa, wato alamar “ba komai” da wasu yarukan ke sawa a gurbin bayanin da babu. In mai yiwuwa ne manomi ba shi da lambar waya, sai ka sa Maybe, wato nau'in “wataƙila akwai, wataƙila babu”, kuma ba zai ƙyale ka ba sai ka faɗi abin da za a yi in babu. Nan kam ya cece ni ba sau ɗaya ba. Saƙon da yake bayarwa in ka yi kuskure ma kamar malamin da ba ya duka.

Amma ranar nan na tara buhu da kwano wuri ɗaya, ya wuce lafiya lau, don duk Int ne. Kawu ya kalli wayar ya ce, "Kai yaro, yaushe na ba da bashin buhu arba'in?" Na raɗa musu suna da type alias, bai hana komai ba, ashe laƙabi ne kawai. Sai da na ƙirƙiri nau'in Buhu daban, na Kwano daban, sannan ya fara kama ni. Haka kuma raba cikakkiyar lamba da sifili, sifili yake ba ka, shiru kake ji.

Ga mai koyo, ina ba da shawarar a gwada. Sai dai masu amfani da shi ba su da yawa, in ka maƙale ba maƙwabcin da za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa. Kawu kuwa har yau bai jefar da littafinsa ba, yana nan ƙarƙashin tabarma.