Injiniyoyin nan masu auna ruwa da suka zo gidan fiya watarmu

Masu gidan fiya wata da otal da wajen wankin mota da ke ta tambayata ko aikin mutanen nan ya ci kuɗinsa, eh ya ci, amma da sauran magana.

Ba su zo da dogon turanci ba, mita kawai suka ɗaura, ɗaya a bakin bohol, ɗaya bayan injin tacewa na RO, ɗaya kafin injin da ke ƙulla leda. Lissafin kuma ko yaro zai yi. Jaka ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, lita 10 kenan, ita kuma mita duk baƙar lamba ɗaya da ta juya lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa. Sai ka ɗauki abin da sumo, wato injin turo ruwa da ke cikin bohol, ya jawo ka cire abin da ya fita a mota, ragowar nan shi ne kake ƙona wa dizal ba ka sayar ba. Mu nan Kano mun saba cewa ai ruwan bohol kyauta ne, to janaretan da ke jawo shi fa, sadaka yake sha?

Inda na sara musu shi ne awon dare. Aka rufe duk famfuna bayan an tashi daga aiki, aka rubuta lamba, da asuba aka dawo mita ta matsa alhali ko kofi ba wanda ya ɗiba, ashe bututu ne ya tsage a ƙarƙashin siminti bayan sito, wurin da kullum yake da danshi muna cewa ƙasar ce haka. Sannan babbansu yana da wata dabara da ya ce daga kamfanin Toyota na Japan aka samo ta, ka yi ta tambayar me ya sa har sau biyar. Ya tsare yaron injinmu, ƙanena me ya sa tankin sama ke ambaliya? Yallaɓai ba a kashe sumo ba ne. Me ya sa? Baba mai gadi ke kashewa. Shi yaushe yake sanin ya cika? Sai ya ji ruwa na zuba. Shi kenan, aka sa ɗan abin nan mai yawo a kan ruwa da ke kashe sumo da kansa, ba wanda aka yi wa faɗa.

Ruwan da RO ke fitarwa gefe kuwa, wanda da kwata yake bi, yanzu tanki daban muke tara shi na wanke ƙasa da motoci da banɗaki. Gishirinsa ya yi yawa, kar wani ya ce zai mayar da shi leda, shi da NAFDAC.

Abin da bai min ba, rahoton. Katon littafi da turanci da zane-zane, yaran da za su riƙa karanta mitar kullum ba wanda zai buɗe shi, sai da na zauna na mayar musu da shi takarda ɗaya da Hausa na manna a bango. Kuma suna da son tallar kayansu, komai sai su ce a wajensu za ka saya, na leƙa kasuwa na samu ƙasa da haka. Kafin ka ba da kafin alƙalami ka tambaya ko mitocin naka ne ko za su kwance abinsu in sun gama, kuma a rubuta zuwan duba aiki na biyu cikin kuɗin, don mu sai da muka yi ta kiran waya.