Mako guda ba tudu ba tsibiri: Queen Mary 2 ko manyan jiragen da ke ƙaura zuwa Florida?

Hajiya, barka da war haka. Kin ce ɗanku da ke aiki a Ingila yana son ya kai ku Amurka wajen ƙanwarsa ta jirgin ruwa, ke da Alhaji, kuma ya ba ku zaɓi biyu: ko Queen Mary 2 daga Southampton zuwa New York, ko ɗaya daga cikin manyan jiragen yawon shaƙatawa da ke tashi daga Barcelona zuwa Florida. Abin da ya dame ki shi ne ranakun da za a wayi gari ba a ganin komai sai ruwa. Me mutum yake yi da yininsa, kuma a wanne ne ba za ku ƙosa ba?

Tun farko jiragen biyu ba sana'arsu ɗaya ba. Queen Mary 2 na kamfanin Cunard ne, wanda ya soma ƙetare tekun Atlantika tun 1840. An ƙera shi a Saint-Nazaire ta Faransa, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja wajen 2,600. Ƙetare tekun shi ne aikinsa: kwana 7, ba ya tsayawa ko'ina. Su kuwa jiragen Royal Caribbean da MSC da Norwegian da ire-irensu, an yi su ne don zagaya tsibirai a ruwa mai ɗumi. Idan sanyi ya doso Turai, wajen Oktoba da Nuwamba, sai su ƙaura zuwa Karebiyan, su dawo wajen Afrilu. Tunda dole su yi wannan tafiya ko da fasinja ko babu, sai su karya farashin ɗaki. Tafiyar takan ci wajen mako biyu, a ɗan tsaya a Malaga ko Madeira ko Tenerife, sannan a yi kwana 6 zuwa 8 a jere ba a ga ƙasa ba. Wato a lissafin ranakun ruwa zalla kusan kunnen doki ne. Yadda ranar take tafiya ne ya bambanta.

Mu ɗauko daga asuba, domin na san nan hankalin Alhaji zai fara zuwa. Kada ku sa ran masallaci ko kiran salla a ko wanne. A ɗaki za ku yi, kuma ɗakin yana da ƙunci, sai dai a yi sahu a gefen gado. Alƙibla tana sauyawa da tafiyar: a Southampton tana kudu maso gabas, a tsakiyar teku ta koma gabas kusan sak, a New York kuma arewa maso gabas. Kamfas ɗin waya yakan rikice saboda ƙarfen jirgi, amma akwai dabara mai sauƙi. Tunda yamma kuka nufa, a yawancin tafiyar alƙibla tana wajen bayan jirgin ne, kuma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba. Wannan ya shafi jiragen biyu duka. Lokutan salla ne ke son lura, saboda rana tana ja da baya a hankali, agogon jirgi kuwa tsalle yake yi. A Queen Mary 2 ana mayar da agogo baya da awa ɗaya da dare har sau 5, a hanyar Barcelona sau 6. Kin ga ke nan ranarku ta zama mai awa 25, barci ya ƙaru, amma jadawalin sallar jiya ba zai yi aiki yau ba. Ku fita fili da waya ta kama inda kuke, ko ku dubi rana da ido. Idan a lokacin zafin Turai kuka bi hanyar arewa, wato ta Queen Mary 2, ku shirya wa doguwar rana, magariba tana yin nisa, isha ta fi. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ku tambayi malaminku kafin ku tashi.

Da hantsi ne kowanne yake nuna halinsa. A Queen Mary 2 akwai baranda mai daɓen katako da ta zagaye jirgin a hawa na 7, zagaye uku ya ɗan wuce mil ɗaya. Tun da sassafe za ki ga dattawa sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna ta zagayawa, iska tana kaɗa su, ruwan yana nan kusa kina jin ƙararsa. Wanda ya gaji ya kishingiɗa a kujerar katako ya lulluɓa da bargo. Daga nan sai zauren lacca, inda ake gayyato masana tarihi da 'yan jarida da marubuta su yi awa guda suna bayani, ko ɗakin kallon taurari mai rufi kamar ƙubba, ko laburaren da ke gaban jirgin a hawa na 8, mai littattafai dubbai da tagogi masu kallon teku. Har ɗakin karnuka da kyanwoyi gare su a can sama, da ma'aikacin da ke kula da su, don akwai Turawan da ke bin jirgin kawai saboda ba sa son a sa musu dabba a cikin kayan jirgin sama. Sai dai duk laccocin nan da Turanci ake yin su. Wanda ba ya jin Turanci sosai, rabin abin da ake alfahari da shi a jirgin ya wuce shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a mako guda.

Babban jirgin shaƙatawa kuwa, irin su Oasis of the Seas mai ɗaukar fasinja sama da 5,000, an tsara shi ne yadda za ki manta ma a kan ruwa kike. Akwai titin kantuna a cikinsa, da lambu mai itatuwa na gaskiya a tsakiya, da filin zamiya a kan ƙanƙara, da bangon da matasa ke hawa da igiya. Takardar shirye-shiryen yini cike take fal: kacici-kacici, koyon rawa, nuna yadda ake girki, gwanjon zane-zane, wasannin yara. A ranar da aka tsaya a gari jirgin yakan yi fayau, amma a ranar teku kowa yana ciki, kamar Kantin Kwari a jajibirin salla. Tun kafin ƙarfe 8 mutane sun shimfiɗa tawul a kujerun bakin tafkin wanka sun kama wuri, kiɗa yana tashi, layin abinci ya yi tsawo. In faɗa miki gaskiya, Hajiya, hawan da tafkunan suke ba wurin zamanki ba ne, shigar mutanen wurin kawai za ta kore ki. Gidan caca ma sai an fita ruwan ƙasa ake buɗe shi, don haka a ranakun teku yini yake a buɗe, kuma sau da yawa ta gefensa hanyar zauren wasanni take bi. Queen Mary 2 ma yana da gidan caca da mashaya, sai dai nasa ba sa tare wa mutum hanya haka.

Ƙarfe 12 na rana kyaftin yakan yi magana ta lasifika: ga inda muke, ga nisan da muka ci, ga zurfin ruwa, ga yanayin gobe. A Queen Mary 2 har da busa ƙaho, kuma mutane kan tsaya cak su saurara, musamman ranar da aka zo kusa da inda Titanic ya nutse a 1912. A ɗaya jirgin hayaniya takan cinye sanarwar.

Abinci a wadace yake a duka biyun, kuma yana cikin kuɗin tikiti. Naman halal sai an nema tun lokacin yankan tikiti, makonni kafin tafiya, kuma ɗanku ya karɓi amsa a rubuce. In bai samu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye sun isa, amma ki riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi, don girkin Turawa yana yawan haka. A nan babban jirgi ya ɗan yi gaba, domin wurin ɗibar abincinsa ya fi faɗi kuma da wuya a rasa girkin Indiya mai yaji. Abin da Queen Mary 2 ya yi suna a kai shi ne shayin ƙarfe 3 da rabi: a zauna a babban zaure, ma'aikata da farar safar hannu su riƙa zagayawa da butocin shayi da biredi da kek, ana kaɗa goge a hankali. Ku yi la'asar a kan lokaci ku je da wuri, kujeru suna cika.

Da dare Cunard suna da dokar sutura bayan ƙarfe 6, kuma akwai darare na musamman da maza ke sa baƙar kwat. Kada wannan ya tsorata Alhaji: suna karɓar kayan gargajiya na ƙasar mutum, babbar riga da hula ta wadatar, ke kuma leshi ko shadda da gyale. Wanda ba ya son kwalliyar sai ya ci a wurin ɗibar abinci na hawa na 7. A babban jirgi ba mai damuwa da abin da kika sa, kuma wasanninsa na dare sun fi ƙayatar da ido ko da mutum ba ya jin harshen, irin masu tsalle cikin ruwa daga sama da masu zamiyar ƙanƙara.

Sai maganar jiri da amai, wadda ban raina ta ba. Hanyar arewa ta fi igiyar ruwa da sanyi da hazo, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, amma Queen Mary 2 don ita aka yi shi: ƙarfensa ya fi kauri, gindinsa ya nutse wajen mita 10, yana da fikafikai 4 a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi. Hanyar kudu ta fi ɗumi kuma galibi ta fi kwanciya, amma ranar da teku ya tashi, dogon jirgi mai hawa da yawa ya fi jin iska. Ko wanne kuka zaɓa, ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, ku riƙe citta da maganin jiri. Akwai likita a ciki amma da kuɗi, kuma a tsakiyar teku jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa, don haka Alhaji ya ɗebi maganinsa na yau da kullum da rara, a kuma yi inshorar tafiya.

Wasu ƙananan abubuwa: turaren wuta da kyandir da dutsen guga duk haramun ne a ɗaki saboda gobara, ki haƙura da humra. Queen Mary 2 yana da ɗakunan wanki da guga kyauta, Royal Caribbean kuwa sai an biya a wanke miki. Ku tafi da 'yar buta, banɗakin ba shi da ita. Intanet sai an saya. Ana kuma ƙara wa kowane mutum kuɗin hidimar ma'aikata wajen dala 20 a rana, ko ƙasa da haka kaɗan, a lissafa shi tun yanzu. Kilishi kada ya biyo ku, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga. Da fasfon Najeriya, hanyar Southampton bizar Ingila da ta Amurka take buƙata, ta Barcelona kuwa sai an ƙara ta Schengen, wato bizar shiga Spain da wasu ƙasashen Turai.

Da a ce da jikoki za ku tafi, da na ce ku bi babban jirgi, don mako guda a Queen Mary 2 zai gundure su. Ku biyu da ɗanku kuwa, ga ku dama ta Ingila za ku bi, ni Queen Mary 2 zan zaɓa muku, tsakanin Mayu da Satumba. Ranar isowa kuma ku tashi tun kafin asuba ku hau sama, domin da duhu-duhu jirgin yake bi ta ƙarƙashin gadar Verrazzano, kan bututun hayaƙinsa saura 'yan mitoci ya taɓa ta, sannan ya tsaya a Brooklyn, wani sashe na birnin New York. Ki ce wa 'yarki nan za ta zo ɗaukarku, ba Manhattan ba.